Layin Dogon Yamai Da Darasin Jirgin Abuja

Mazaunin unguwar Banifandu a Yamai da zai je Babbar Kasuwa da safe, taksi ko faba-faba yake jira a bakin titi, alhali Yamai tana da tashar jirgin ƙasa tun 2014. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layin dogo zuwa Doso, aka ƙaddamar da shi a 2016, amma bai taɓa zama abin hawan jama'a ba, yashi ya binne ƙarafansa a wurare da dama. Jirgin cikin birnin Abuja ma ya fara aiki a 2018, annobar korona ta tsayar da shi a 2020, ɓarayi suka yi ta kwashe wayoyinsa, sai a 2024 ya dawo.

Abin da ke sa jirgi ya jure tangarɗa shi ne kuɗin gyara na kullum, ma'aikatan da suka san aikinsu, tsaro, da magudanan ruwa, musamman a Yamai, garin da ambaliyar kogin Isa ta cinye unguwanni a 2020. Wasu za su ce talaucinmu bai kai ga wannan ba. Gaskiya da tsada, amma layin da aka bari ya yi tsatsa ya fi tsada, domin gyaransa kamar sabon gini ne. Hukumomi su tanadi kuɗin kulawa kafin su sake shimfiɗa ƙarfe ko ɗaya.