Saɓanin Ma'abota Sauti a Kan Amfilifayar Da da ta Yanzu

Daga cikin mas'alolin da ma'abota sauraron sauti suka daɗe suna jayayya a kansu, tun daga ƙasashen Turai har zuwa rumfunan masu gyaran rediyo na Sabon Gari da Hotoro, babu wadda ta kai ta amfilifaya zafi, wato na'urar nan da ke karɓar rarraunan sauti daga makirufo ko faifai ko wayar hannu, ta ƙarfafa shi har ya isa ya motsa lasifika. Jama'a sun kasu mazhaba biyu. Ta farko ta tsaya a kan ƙirar da aka gada, mai nauyi, mai babban taransifoma a ciki, wadda masana suke kira aji A da aji AB; ta biyu kuwa ta yi mubaya'a ga sabuwar ƙira marar nauyi, mai aiki ta hanyar kunnawa da kashewa, wadda ake kira aji D.

Wanda ya riski Kano a shekarun 1970, lokacin da masaƙu da majemu na Bompai da Sharada da Challawa suke aiki ba dare ba rana, kuma aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a farkon 1975, ba zai yi mamakin ƙaunar da dattawa suke yi wa tsohuwar ƙira ba, domin a wancan zamani ne Kenwood da Sansui da Pioneer da Akai suka shiga falon ma'aikaci, aka shimfiɗa musu ƙyalle a kan kabad, aka saurari Shata da Ɗanmaraya ta cikinsu. Mai irin wannan na'ura yakan ɗaga ta ya ji nauyinta kafin ya saya, kuma har yau akwai masu auna inganci da kilo.

To, mene ne haƙiƙanin bambancin? A tsohuwar ƙira, tiransisto, wato ɗan kayan da ke sarrafa wuta a cikin na'urar, yana tsayawa ne tsaka-tsaki, bai buɗe duka ba, bai rufe duka ba, yana rage wuta yana ƙara ta gwargwadon hawa da saukar sauti. Kuma duk wutar da ya tare bai bari ta wuce ba, zafi take komawa. Misalinsa kamar mahayin da ke sa wa doki ƙaimi alhali yana riƙe da linzami tamau: dokin zai jiƙe sharkaf da gumi, tafiyar kuwa kaɗan ce. Saboda haka aji A, a ƙirarsa ta asali, ba ya isar wa lasifika fiye da rubu'in wutar da ya sha. Aji AB kuma, wanda shi ne a yawancin gidaje, yakan isar da rabi ko ɗan abin da ya ɗara haka. Amma a aji D tiransisto ko dai ya buɗe gaba ɗaya ko ya rufe gaba ɗaya, sau dubu ɗari-ɗari a cikin daƙiƙa guda, kuma tsawon kowace buɗewa shi ne ke ɗauke da siffar sautin. Sa'an nan a wuce da abin ta wani mataci na naɗaɗɗiyar waya da kafasita, ya kawar da ƙarar kunnawar, ya bar muryar. Da wannan hikima akan isar da kashi 90 cikin 100.

Wannan sabuwar ƙira ba bidi'ar jiya ba ce. Wani Baturen Ingila, Alec Reeves, shi ake jingina wa asalinta a shekarun 1950. Kamfanin Sinclair ya fitar da irinta kasuwa a 1964, Sony kuma ya biyo baya a 1978. Sai dai na farkon nan ba su yi armashi ba, kuma daga gare su ne hujjar masu suka ta samo tushe, domin sautinsu na sama yakan yi kaushi, kuma halinsu yakan sauya gwargwadon lasifikar da aka haɗa musu, ta yadda na'ura ɗaya za ta yi daɗi a wannan ɗaki ta yi tsini a wancan. An yi shekaru ana fama da illar kafin wani injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, a lokacin da yake aiki a Philips, ya tsara hanyar da na'urar ke duba abin da ya fito bayan matacin ta gyara kuskurenta da kanta. Tun daga nan, abin da ma'aunai suke nunawa shi ne kyawawan aji D sun kamo na da, wasu ma sun wuce su.

Duk da haka masu tsohuwar mazhaba suna cewa kunne ya fi ma'auni, wai sautin tasu yana da ɗumi da taushi, na sabuwa kuwa busasshe ne. Ba zan ƙaryata kunnen kowa ba, amma a shari'a ba a karɓar shaidar wanda ke da maslaha a cikin ƙara, kuma kunnen mutumin da ya zuba dukiya ya sayi na'ura, yana kallon fitilunta suna walƙiya, shaida ne mai maslaha. A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wata jarrabawa da aka daidaita ƙarfin sauti, aka ɓoye wa masu sauraro wace na'ura ke aiki, sai suka kasa tantance ta Pioneer mai araha daga waɗanda suka ninka ta kuɗi ninkin-ba-ninki. Na'urorin da aka gwada duk masu tsohuwar ƙira ne, amma ladabin gwajin bai tsufa ba: a daidaita ƙara, a rufe ido, sa'an nan a yi hukunci.

A ganina, mu nan Kano muna da alƙalan da suka fi kunne iko, su ne zafi da wuta. Wannan muhawara an haife ta ne a ƙasashen sanyi, inda ɗumin na'ura ni'ima ne kuma wuta ba ta ƙiftawa. A garin da zafin watan Afrilu yake kai ma'auni 40, garin da rashin wuta ya taimaka wajen rufe masana'antu masu yawa a Sharada da Bompai, lissafin daban ne. Domin fitar da wat 100 na sauti, aji AB zai sha kusan 170, saura ya zama zafi a cikin ɗaki. Aji D kuwa 110 ya ishe shi. Kwamitin masallacin da ke kiran salla da batir da faifan sola, ko mai tafsiri a watan Ramadan, ko mai kayan sauti da ke ɗora su a Adaidaita Sahu daga wannan gidan biki zuwa wancan, ba ya bukatar fatawa a kan wannan. Hasali ma yawancinmu mun riga mun bi sabuwar mazhaba ba da saninmu ba, tunda wayar hannu da talabijin na bango da 'yar lasifikar Bluetooth kusan duk da ita suke magana.

Amma adalci ya wajabta a faɗi aibinta. Mafi yawan abin da ke zuwa kasuwanninmu ba ƙirar Putzeys ba ce. Ƙananan alluna ne masu araha, a rubuta wat dubbai a jikin kwali alhali na gaskiya bai kai ushirin haka ba, a tsuke mataci don rage kuɗi, har na'urar ta riƙa watsa ƙugi cikin rediyon maƙwabci mai kama BBC a gajeren zango. Idan aka murɗa irin wannan fiye da ƙarfinta, muryar ladan sai ta tsage, a ɗora wa aji D laifi, alhali ta da ma haka take yi in an ƙure ta.

Babban abin da tsohuwa ta fi shi ne gyaruwa. Buɗe Sansui ta shekara arba'in a kan teburin mai gyara: kowane tiransisto a ɗaure yake da ƙusa a jikin ƙarfen sanyaya, ana ganinsa, ana auna shi, ana cire wanda ya ƙone a liƙa sabo da dalma, a hure ƙurar hunturu, ta koma aiki. Allon sabuwa kuwa, kayansa sun yi ƙanƙanta kamar ƙwayar gero, an manne su da inji, kuma idan wuta ta dawo da ƙarfi ta buge shi, sau da yawa mai gyara sai ya ce, “Alhaji, wannan sai dai a canja allon gaba ɗaya.” Don haka wanda zai saya wa masallaci ko makaranta, bayan ya nemi a nuna masa wat na gaskiya, wanda ake rubuta RMS a gefensa, ya tambayi mai shago ko ana samun allonta a Sabon Gari, da kuma nawa ne.