Daga Washington Zuwa Ƙasar Kazaure: Tarihin Jerin Gwanon Masu Neman Jinsinsu

A kowace shekara idan watan Yuni ya kama, wayoyin hannu sukan cika da hotunan dubban mutane suna jerin gwano a biranen Turai da Amurka, riƙe da tuta mai launin bakan gizo. Hotunan nan suna isa har Gwiwa da Roni da Babura, matasanmu suna gani, suna kuma tambayar fastoci da dattawan ikilisiya. Sau da yawa amsar da suke samu ita ce tsaki. To, amma tsaki ba ya ilimantar da yaro. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihin wannan al'amari kamar yadda ya faru, sa'an nan mu duba inda ya shafe mu.

Yadda abin ya soma

A Amurka ta shekarun 1960, kusan kowace jiha tana da dokar da ta haramta luwaɗi. Wanda aka gano shi yakan rasa aikinsa, 'yan sanda kuma sukan kai samame wuraren da irin waɗannan mutane ke taruwa. Ran 28 ga Yuni, 1969, aka kai irin wannan samame wata mashaya mai suna Stonewall a birnin New York, sai mutanen ciki suka yi turjiya, aka kwashe kwanaki ana arangama. Da shekara ta zagayo, a 1970, suka fito jerin gwano don tunawa da ranar. Asalin bikin watan Yuni ke nan.

Shi kuwa gangami na ƙasa baki ɗaya, sai da aka zub da jini kafin ya tabbata. A Nuwamba 1978 aka harbe Harvey Milk, wani kansila a San Francisco wanda bai ɓoye halinsa ba. Kisan ya haɗa kan ƙungiyoyin da a da suka kasa jituwa. Ran 14 ga Oktoba, 1979, mutane tsakanin 75,000 da 125,000 suka hallara a Washington. Cikin bukatunsu har da a soke dokokin da ake kama su da su, a daina korarsu daga aikin gwamnati da na soja, a kuma daina raba su da 'ya'yansu a kotu.

Salon tattaki zuwa Washington kuwa daga baƙar fatar Amurka suka koye shi. Babban gangamin 1963, inda Fasto Martin Luther King ya yi mashahurin jawabinsa, wani mai suna Bayard Rustin ne ya tsara shi, shi kuma yana cikin masu neman maza, abin da ya sa aka daɗe ana ɓoye sunansa.

Shekarun kanjamau

Gangami na biyu, na 11 ga Oktoba, 1987, ya fi kama da zaman makoki. A lokacin cutar kanjamau tana ta kashe samari, babu maganin kirki, waɗansu iyalai suna ƙin karɓar gawar 'ya'yansu. Shekara guda kafin nan kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar wa jihohi ikon hukunta luwaɗi. A ranar aka shimfiɗa wani makeken bargo da aka ɗinka da ƙyallaye 1,920, kowane ƙyalle tsawon kabari da faɗinsa, ɗauke da sunan mamaci. 'Yan sanda sun ƙiyasta mutane 200,000, masu shirin taron suka ce sun kai 500,000.

Na uku ya zo ran 25 ga Afrilu, 1993, inda hukuma ta ce mutane 300,000 ne, masu shiri suka ce miliyan guda. Aka sake yi a 2000 da 2009. Masu sauya jinsi, wato wanda aka haifa namiji yana zaman mace ko akasin haka, suna cikin tafiyar tun farko, amma ba a sa sunansu a taken gangamin 1993 ba, sun kuma daɗe suna kukan an mai da su saniyar ware. A Satumba 2019 suka yi nasu gangamin a Washington.

Sannu a hankali dokokin Amurka suka juya. A 2003 Kotun Ƙoli ta soke hukuncinta na 1986, a 2015 kuma ta halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar.

A nahiyarmu, jerin gwano na farko an yi shi a Johannesburg ran 13 ga Oktoba, 1990, a ƙarƙashin jagorancin Simon Nkoli, wanda ya sha ɗauri saboda yaƙi da mulkin wariyar launin fata. Kimanin mutane 800 suka fito, waɗansu sun rufe fuskokinsu da jakar takarda don tsoro. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya hana nuna musu bambanci, a 2006 kuma ƙasar ta amince da aurensu.

Nan gida fa?

A Nijeriya ba a taɓa yin irin wannan gangami na ƙasa ba, doka ma ta hana. Tun 1960 dokar hukunta laifuffuka ta Arewa ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a kan luwaɗi, ta kuma sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Daga shekarar 2000 jihohi goma sha biyu, har da Jigawa, suka kafa dokokin shari'a masu hukunci mafi tsanani ga Musulmi. A Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyarsu, ko ya goyi bayan taronsu ko jerin gwanonsu. Shugabannin Kirista da na Musulmi da yawa sun yi na'am da dokar.

Amma rashin jerin gwano ba ya nufin babu mutanen. Duk wanda ya san tashoshin mota da kasuwannin Kano da Katsina ya san 'yan daudu, masu tuyar kaji da sayar da abinci, masu magana da rangwaɗa irin ta mata. Sun daɗe a ƙasar Hausa tun kafin a ji sunan Stonewall, ba kuma Turawa suka kawo su ba. Ba kowane ɗan daudu ne ɗan luwaɗi ba, da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Wani masani ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya kuma wallafa littafi a kansu a 2009, inda ya nuna yadda zamansu ya ƙara ƙunci bayan 2000.

Abin da muke gani a nan shi ne kame. A Agusta 2007 an kama mutane 18 a Bauchi. A Afrilu 2017 an gurfanar da 53 a Zariya bisa zargin halartar auren jinsi. A Disamba 2022 Hisba ta kama 19 a Kano, a Oktoba 2023 kuma aka kama 76 a Gombe. Wannan aikin hukuma ne, mai laifi da marar laifi kotu ce za ta rarrabe. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da gungun mutane suke yi da hannunsu. A Janairu 2014 jama'a sun yi wa wata kotu ruwan duwatsu a Bauchi, suna neman a ba su waɗanda ake tuhuma. A Fabrairu na shekarar, a unguwar Gishiri ta Abuja, an bi gida-gida cikin dare ana jawo samari ana dukansu da sanduna, ba tare da wani alƙali ya saurare su ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da ido. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya nuna cewa bayan dokar, masu neman maza da ke tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. Mai ɗauke da kanjamau da ya guje wa magani, idan yana da mata a gida, ita da jaririnta ne za su kwashi cutar.

Ina ikilisiya ta tsaya?

Ikilisiyoyin ƙasar nan, Katolika da Anglika da ECWA da sauransu, suna koyar da cewa aure tsakanin namiji da mace ne. A taron Lambeth na bishop-bishop na Anglika, a Ingila, a 1998, bishop-bishop na Afirka suna kan gaba wajen zartar da ƙudurin da ya ce luwaɗi bai dace da Littafi Mai Tsarki ba. Sai dai akwai rabin ƙudurin da ba mu cika ambata ba: ya bukaci a saurari waɗannan mutane, a yi musu hidimar kiwo, ya kuma la'anci tsoro marar dalili a kansu. A Janairu 2023 marigayi Paparoma Francis ya bambanta zunubi da laifin da hukuma ke ɗaure mutum a kai. Muhawarar ta raba ikilisiyoyi da dama, har a jihar Taraba rikicin ɓangarori biyu na Methodist ya kai ga asarar rayuka a Disamba 2024.

Mu Kiristocin wannan yanki, 'yan tsiraru ne, mun kuwa san ɗacin hukuncin gungu. A Nuwamba 2003 an ƙone majami'u a Kazaure saboda zargin da aka yi wa mutum guda, haka kuma a Dutse a Satumba 2006. Wanda gobara ta taɓa cinye rumbunsa ba ya wasa da ashana a gonar maƙwabci. Idan muka yarda zargi kaɗai ya isa a fasa ƙofar mutum, to, mun buɗe hanyar da za a bi a zo tamu ƙofar.

Mu kuma tuna yadda bishara ta kafu a ƙasar Hausa. Asibitocin kutare na mishan a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, su ne suka buɗe mata ƙofa, domin an kula da waɗanda kowa yake gudu. A Bisharar Yohanna sura 8, an kawo wa Yesu mace da aka kama da zina, bai ce abin da ta yi daidai ne ba, bai kuwa bari an jefe ta ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, ba sai mun yarda da bukatun masu jerin gwanon Washington ba kafin mu ɗauki darasi daga tarihinsu. Duka da kora da barin marar lafiya ya mutu shi kaɗai, su ne suka tara dubban nan a titi. Fasto ya riƙe asirin wanda ya zo masa da damuwa. Iyaye kada su kori ɗansu zuwa tasha, inda ba mai tsawata masa, ba mai jin ƙansa. Ma'aikacin asibitin ikilisiya ya ba kowa magani ba tare da tonon silili ba. Matasanmu kuma, in sun ji an yi kururuwa a unguwa, kada a sami dutse a hannunsu. Ubangiji ya ba mu hikima, amin.