Idan Katafila Ta Nuna Lamba, A Binciki Waya Kafin A Sayi Sabon Kaya

Mutanen Suleja ba baƙin manyan injunan gini ba ne. Tun da aka kafa dokar sabon Birnin Tarayya cikin 1976, garin ya ba da sunansa na Abuja, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, Hukumar Raya Birnin Tarayya ta yi zango a nan, shi ya sa har yau akwai unguwar da ake kira Field Base. Daga wannan lokaci katafila da gireda da tifa suka zama 'yan gari, samari da yawa kuma, daga Iku har Madalla, suka sami abinci a wajen tuƙinsu da gyaransu.

To, amma injin yau ba irin na wancan zamani ba ne. A da bakanike yakan kasa kunne ya ji kukan inji, ya dubi hayaƙi, ya faɗi ciwon. Yanzu kuwa an sanya wa injuna ƙaramar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar inji. Ita ke karɓar rahoto daga ƙananan na'urorin awo, watau sansa, a kan zafin ruwa da ƙarfin baƙin mai da gudun inji. Da ta ji abin da bai yi mata daidai ba, sai ta kunna fitila, ta nuna wata lamba a gaban direba, wani lokaci ma ta rage wa injin ƙarfi. A nan ne ake tafka asara. Da an ga lamba sai a ce sansa ta mutu, a aika Kaduna ko Legas a sayo sabuwa da tsada, a ɗaura, lambar kuwa ta sake dawowa. An bar jaki ana dukan taiki, ga aikin kwangila a tsaye, ga kuɗin hayar inji na tafiya.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, ƙwaƙwalwar inji ba ta ganin sansa da ido. Abin da ya iso mata ta waya kaɗai ta sani. Saboda haka lambar tana nuna hanyar da wuta ke bi ce gaba ɗaya, watau sansa da waya da soket da ita kanta ƙwaƙwalwar, ba ta ware ɗaya ta ce shi ne mai laifi ba.

Yawancin manyan injuna suna bin wani tsari na ƙungiyar injiniyoyi ta SAE a Amurka, mai suna J1939. A cikinsa lambar kashi biyu ce. Kashi na farko, SPN, shi ke faɗin wurin: 110 zafin ruwan inji ne, 100 ƙarfin baƙin mai, 190 kuwa gudun inji. Kashi na biyu, FMI, shi ke faɗin irin ciwon: 3 na nufin ƙarfin wutar ya haura ƙa'ida, 4 ya yi ƙasa, 5 hanya ta yanke, 6 wuta na zuba fiye da kima, 2 kuma rahoton na rawa, yana zuwa yana ɗaukewa. Kamfanin Caterpillar yana da nasa tsarin na MID da CID da FMI, amma ma'anar FMI ɗin ɗaya ce.

Bari mu ɗauki misali. A ce inji ya nuna 110 da 3. Wannan bai ce ruwa ya tafasa a lagireto ba. Cewa ya yi wutar da ke kan wayar sansar zafi ta yi yawa, abin da kan faru idan wayar ta tsinke ko soket ya saki. Gwajin kuwa ba shi da wuya. A kashe makulli, a zare soket ɗin sansar, a haɗa bakinsa biyu na ɓangaren injin da guntuwar waya, sa'an nan a kunna makulli. Idan 3 ta koma 4, to, waya da ƙwaƙwalwa lafiya lau suke, sansar ce ta lalace. Idan kuwa ba ta canza ba, sayen sansa ɓarnar kuɗi ce, sai a bi waya. Wannan gwaji na sansa mai waya biyu ne. Mai waya uku, wadda akan ba wuta bolt 5, sai an duba zanen wayoyin injin tukuna.

Haka nan akwai wayoyi biyu murɗaɗɗu da kwamfutocin injin ke magana da juna ta cikinsu, a tsarin CAN wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi cikin 1986. Idan an cire batir aka aza mita a tsakaninsu, om 60 ya kamata a gani. In aka ga 120, akwai yankewa a hanya ko kuma ɗaya daga cikin na'urori biyu na ƙarshen layin ta ɓace. In kuwa awon ya kusa sifiri, wayoyin sun haɗe.

Ƙasarmu ma ba ta raga wa waya. Ruwan damina a wannan yanki yana shiga soket ya bar tsatsa mai kore, ƙurar hunturu ta cika shi, jijjigar aiki a kan dutse ta sa waya ta goga da ƙarfe har ta fere, ɓeraye kuma su ci rabonsu idan inji ya daɗe a ajiye. Don haka littattafan kamfanoni suke umartar a fara da duban batir da fis da wayar da ke komawa jikin ƙarfe, a kuma girgiza wayoyi ana kallon mita, domin ciwon da ke ɓuya ya fito.

Abubuwa uku ne muke jan kunnen masu injuna a kansu. Kada a goge lamba ba a rubuta ta ba, domin ita ce shaida. Kada a yi walda a jikin inji ba a cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa ba. Mafi muni kuma, kada a yarda wani ya yi wa sansa dabara don fitila ta mutu. Ranar da baƙin mai ya ƙare da gaske, ba mai faɗa, sai dai a ji inji ya buga.

Muna kira ga iyayen gidan sana'a a Iku da sauran wurare, su koya wa yaransu karanta zanen waya da riƙon mita kamar yadda suke koya musu riƙon sifana. Makarantun koyon sana'a su ma su sa wannan a darasinsu. Masu injuna kuwa su daure su biya ladan bincike, ko da gyaran bai wuce ɗaure waya ɗaya ba, gama ilmin gano wurin ne aka saya. Allah ya sa albarka a sana'a, amin.