Matsalar kafa hujja da littattafan intanet a binciken tarihin Daura

Ɗalibin da ke son rubuta kundi a kan tarihin Daura a yau, ba lallai ne ya yi tattaki zuwa cibiyar Arewa House da ke Kaduna, ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, kafin ya ga littattafan da aka rubuta a kan masarautar ba. Da dama daga cikinsu an ɗauki hoton shafukansu an zuba a intanet, suna kuma yawo daga waya zuwa waya.

Sai dai sauƙin ya zo da tasa matsalar. Idan malamin da ke duba kundin ya ce a nuna masa inda aka samo wata magana, wane shafi za a buɗe masa, kuma na wane bugu?

Tambayar ta ƙara nauyi a garin na Daura, inda baya ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, a yanzu akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da kuma Jami'ar Sufuri, dukkansu da ɗaliban da ba za su kammala ba sai sun rubuta kundi.

Labari ɗaya, ruwayoyi da yawa

Kusan kowa ya san labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu da aurensa da Daurama. Amma a rubuce, labarin ba iri ɗaya ba ne. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, an bayyana Bawo ne a matsayin bawan Sarkin Barno, alhali ruwayar da ta fi shahara a Daura ta ce ɗan Bayajidda ne, wanda ya fito daga Bagadaza.

Akwai kuma ruwayar da H.R. Palmer ya kawo a juzu'i na uku na Sudanese Memoirs, da nazarin da M.G. Smith ya yi a littafinsa The Affairs of Daura na 1978. Ke nan wanda ya rubuta cewa "tarihi ya nuna" bai faɗi kome ba, sai ya fayyace wace ruwaya yake nufi.

Littafin Palmer shi ne ya fi nuna inda gizo ke saƙar. An fara buga shi a Legas a 1928 cikin juzu'i uku, sannan kamfanin Frank Cass na London ya sake buga shi a 1967, ya haɗe juzu'an a bango ɗaya. Idan aka ɗauki hoton irin wannan littafi aka mai da shi PDF, kwamfuta na ƙirga shafuka ne daga bango zuwa ƙarshe a jere, ba ruwanta da lambar da maɗaba'a ta buga a takarda. Ɗalibin da ya kwafi lambar da wayarsa ta nuna masa, ya tura mai karatu wani wuri dabam.

Ƙa'idar ita ce a ambaci juzu'i, a ɗauki lambar da ke jikin shafin kansa, a kuma bayyana shekarun biyu, ta asali da ta bugun da aka karanta. A tsarin APA, wanda sassa da yawa na jami'o'in Najeriya ke bi, ana rubuta su ne 1928/1967.

Littafin da ba shi da shafi

Wani nau'in kuma, kamar na Kindle da EPUB, ba shi da tsayayyen shafi sam. Da zarar an ƙara girman rubutu, sai lambobin su sauya. A nan tsarin APA ya ce a ambaci babi ko kan magana ko lambar sakin layi, kada a dogara da lambar wuri da Kindle ke bayarwa.

Bugu na bakwai na APA, da ya fito a 2019, ya daina buƙatar a faɗi na'urar da aka karanta littafin a kai, ya kuma cire sunan garin da aka buga shi. Tsarin Chicago kuwa, wanda masana tarihi suka fi so, har yanzu yana son a bayyana nau'in littafin. Saboda haka abin da sashen ɗalibi ya zaɓa shi ne abin bi.

Adireshin intanet shi kansa ba abin dogaro ba ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard a 2014 ya gano cewa kimanin rabin adiresoshin da aka ambata a hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da aka yi nufi. Kazalika cibiyar bincike ta Pew ta ce a 2024, kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke intanet a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Wannan ne ya sa ake fifita lambar DOI, wadda ke bin littafi duk inda aka mai da shi. Amma tsofaffin littattafan da aka ɗauki hotonsu galibi ba su da ita.

Ga mai ilmin addini, wannan duk ba baƙon abu ba ne, domin malaman hadisi sun daɗe da gina ilminsu a kan isnadi. Su ma dai ɗaliban fannin suna fuskantar irin wannan cikas a manhajar Maktabatus Shamila, inda wasu littattafan lambobin shafinsu suka dace da bugun takarda, wasu kuma ba su dace ba, kuma manhajar takan nuna hakan a bayanin littafin ga wanda ya damu ya duba. Hatta lambobin hadisan Sahihu Muslim sun bambanta tsakanin ƙirgar Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi da ta wasu bugu. Shi ya sa ambaton littafi da babi tare da lambar ya fi tsaro.

Mafi wuyar sha'ani shi ne fayil ɗin da ya iso ta WhatsApp babu bango, babu shekara, babu sunan maɗaba'a, wani lokaci ma an tsallake shafuka wajen ɗaukar hoto. Irin wannan ana iya karanta shi don samun haske, amma kafin ya shiga jerin manazarta sai an gwada shi da bugun takarda, ko an nemo cikakken bayaninsa a kundin sunayen littattafai na wani ɗakin karatu.

Idan kuwa ɗalibi bai ga Infaƙul Maisuri da idonsa ba, a littafin wani marubucin ya tsinci maganar, ƙa'ida ta ce ya rubuta cewa Bello ne ya faɗa, kamar yadda wancan marubucin ya ruwaito, sannan ya sa littafin da ya karanta ɗin kaɗai a cikin manazarta.