Amsar Wasiƙunku: Yadda Ake Adana Kibiyar Saƙa, Kwarashi Da Basilla

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a Wurno. Ta ce tana saƙa huluna da safar jarirai tana sayarwa da sanyi, amma duk shekara in ta ɗauko kibiyoyinta bayan damina sai ta tarar sun yi tsatsa, wata ta lanƙwashe, wata kuma ta ɓata. Har ma tsatsar ta ɓata mata farin ulu, mai kaya ya ƙi karɓa. Wani ɗan kasuwa daga Goronyo ma ya aiko da irin wannan kuka a kan basillar ɗinkin buhun albasa. To, bari mu haɗa su mu amsa.

Malama, abin da ke kawo tsatsa shi ne haɗuwar ƙarfe da danshi da iska. Ku kuwa mutanen Wurno da Goronyo kuna bakin fadamar Rima, na Rabah kuma ga gulbin Sakkwato kusa da su, don haka daga Yuli zuwa Satumba ɗaki ba ya rabuwa da laima. Gumin hannu ma yana da gishiri, gishiri kuwa yana gaggauta tsatsa. Saboda haka in kin tashi daga saƙa, ki goge kibiya da busasshen tsumma kafin ki ajiye. In ajiyar wata da watanni ce, ki ɗan shafa mata man keken ɗinki ko basilin. Ban da man gyaɗa, don in ya daɗe danƙo yake yi, ya riƙe zare. Wadda ta riga ta yi tsatsa a jiƙa ta da ruwan lemun tsami, a goge da toka mai laushi, a ɗauraye, a shanya ta bushe sarai, sannan a shafa mai.

Amma fa ba kowace kibiya ce ƙarfe ba. Ta alminiyam ba ta jan tsatsa, sai dai saurin lanƙwashewa, kuma toka tana cin ta, kada a kusa da ita. Ta roba zafi ne maƙiyinta. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, in kika soke ta a jikin rufin kwano za ki tarar ta karkace. Ta itace ko gora kuwa hunturu ke tsaga ta, gara kuma ba ta barin ta.

Sai wurin ajiya. Ni dai a ganina babu kamar zunguru, wato dogon ƙwaryan nan da mata ke sa hannu a ciki in sun yi lalle. A samu sabo busasshe, a jefa ɗan gawayi a ƙasa don ya tsotse danshi, a toshe baki da tsumma, a rataye sama. Kibiya ai da kwarinta aka san ta! In babu, a naɗe su a ƙyalle mai kauri a sa cikin adudu. Leda kam ba na ba da shawararta, don tana riƙe gumi.

Ki riƙa ɗaure kowace kibiya da 'yar'uwarta, domin in kaurinsu ya bambanta saƙa ba za ta daidaita ba. Ki duba lambar da ke kanta. A tsohon lissafin Ingila, in lamba ta ƙaru kibiya sirancewa take yi: lamba 8 ita ce milimita 4, lamba 10 kuwa milimita 3.25.

Alhaji mai albasa, kai ma haka za ka yi wa basillarka, sannan ka soke tsininta a guntun karan dawa busasshe. Ka daina barin ta a bakin buhu ko a ƙasan rumfa. Ƙwayar cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma rauni mai zurfi irin na basilla ko kwarashi shi ta fi so. In yaro ko babba ya taka, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a kai shi asibiti a ranar don a duba ko yana bukatar allura, ko da kuwa jinin bai fito da yawa ba.