Ire-iren Zaman Gabatar da Bincike a Tarurrukan Nazarin Kiɗa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyoyin da masana kiɗa suke bi wajen gabatar da bincikensu a tarurruka na ilimi. Dalilin yin haka kuwa shi ne, sau da yawa manazarcinmu yakan ɗauko aikin da kunne ne kaɗai zai iya yi masa alƙalanci, ya cusa shi cikin takardar karantawa, sai amfanin aikin ya salwanta. Za a ɗauki misali daga Majalisar Duniya ta Kiɗan Gargajiya, wadda aka kafa a Landan a 1947, ta ɗauki sunan ICTM a 1981, ta koma ICTMD a 2023. Ta yi babban taronta a Legon, ƙasar Gana, a 1966 da kuma 2023.

2.0 Ire-iren Zama

2.1 Takardar mutum ɗaya. Ita ce ta fi yawa. Akan ba mai gabatarwa minti 20, sannan a ware minti 10 domin tambayoyi. Abin lura shi ne, duk faifan da zai kunna cikin minti 20 ɗin nan yake. Ke nan wanda ya saka waƙar minti shida, kusan sulusin lokacinsa ya tafi.

2.2 Zaman rukuni. A nan manazarta uku ko huɗu ne suke haɗa kai tun daga gida a kan jigo guda, su nemi minti 90 ko 120. Alal misali, ana iya duba waƙoƙin Narambaɗa ta fuska uku: wani ya ɗauki salo, wani tarihin fadar da ya yi wa waƙa, na uku kuma kiɗan kotso.

2.3 Zaman tattaunawa. Masu magana kan yi gajeren bayani, a bar mafi yawan lokaci ga mahalarta. Ya dace da matsalar da ba a kai ga matsaya a kanta ba, kamar haƙƙin makaɗi a kan faifan da mai bincike ya naɗa.

2.4 Lacca mai haɗe da gwaji. Mai bincike yakan yi bayani, ya tsaya, shi ko makaɗin da ya gayyato ya kaɗa, sannan ya ci gaba. Mu ɗauki kalangu. Makaɗi yana matsa tsarkiya a hammatarsa, sauti ya ɗaga. Ya sassauta, sauti ya sauka. Da haka ne yake bin karin sautin Hausa, har mai saurare ya gane taken da ake kaɗawa. Shafi goma ba za su fayyace wannan ba kamar yadda kiɗan minti ɗaya zai yi.

2.5 Bita. A nan mahalarta da kansu suke riƙe kayan kiɗa ko su taka rawa, jagora yana gyara musu.

2.6 Nunin fim da allon bincike. Fim ya dace da kiɗan da ba ya rabuwa da muhallinsa, kamar na dambe ko na hawan salla. Allo kuwa babbar takarda ce da ake kafewa da zane da jadawali, mai ita yana tsaye yana amsa tambayoyi. Ya fi amfani ga ɗalibin da bincikensa bai kammala ba.

3.0 Kammalawa

Kafin taro, akan nemi tsakure na kalmomi 250 zuwa 300, kuma a cikinsa ne ake faɗin irin zaman da ake so. Saboda haka ya kamata manazarci ya tambayi kansa: shin hujjata a rubuce take, ko a kunne, ko a ido? Amsar ita za ta zaɓar masa zama. Haka kuma muna kira ga masu shirya tarurrukanmu na Hausa da su tanadi lokaci da na'urar sauti domin lacca mai haɗe da gwaji. Muddin karanta takarda kaɗai muka amince da shi, baitocin waƙa za mu yi ta nazari, kiɗan da ya ɗauke su kuwa ya tsaya a bakin ƙofa.