TAKARDAR DA TA RUSHE SASHEN TURANCI A NAIROBI

Ran 24 ga watan Oktoba na 1968, waɗansu malamai uku na Kwalejin Jami'a ta Nairobi, a ƙasar Kenya, suka gabatar wa Tsangayar Fasaha wata gajeriyar takarda suna neman a rushe Sashen Turanci ɗungurungum. Malaman su ne James Ngugi, wanda daga baya aka sani da Ngugi wa Thiong'o, da Henry Owuor-Anyumba, mai binciken waƙoƙin gargajiya na ƙabilar Luo, da kuma marubucin nan Taban lo Liyong.

A lokacin Kenya ba ta cika shekara biyar da samun mulkin kai ba. Tutar Ingila ta sauka, amma a ɗakin karatu ba abin da ya motsa. Ɗalibi ya kan shiga jami'a ya fita da digiri a fannin adabi, ya san Shakespeare da Milton da Dickens ciki da bai, alhali kuwa ba a taɓa jarraba shi a kan tatsuniya ko waƙa ɗaya ta mutanensa ba.

Abin da ya tunzura malaman shi ne wata shawara da muƙaddashin shugaban sashen, wani Bature, ya kawo a watan Satumba na wannan shekara. Shi a ganinsa ya yi sassauci, gama ya yarda a shigo da littattafan 'yan Afirka cikin tsarin karatu. Sai dai adabin Ingila zai ci gaba da zama gindin bishiya, sauran kuwa rassa. Wannan gindi shi ne malaman uku suka ƙi. Hujjarsu ita ce, in har dole ne ɗalibi ya bi tarihin al'ada guda tun daga tushe don ya koyi nazari, to, ba dalilin da zai sa ɗan Kenya ya bi ta Ingila ya bar tasa.

Mutane da yawa sun ɗauka korar Shakespeare a ke so a yi. Ba haka ba ne. Abin da suka nema shi ne a kafa Sashen Adabi da Harsunan Afirka, a aza harsashinsa a kan adabin baka, watau tatsuniyoyi da waƙoƙi da karin magana, a koyar da adabin Suwahili, sa'an nan a bi sawun baƙar fata zuwa tsibiran Karibiyan da Amurka. Adabin Turai yana nan, amma a matsayin baƙo mai daraja, ba maigida ba. Kalmar Turanci ce kawai za ta fita daga allon ƙofa, kuma fitarta ta buɗe wa adabin Rasha da na Asiya hanyar shiga, abin da tsohon tsarin bai bayar ba.

Bayan doguwar muhawara jami'ar ta kafa Sashen Adabi, da kuma wani sashe daban na nazarin harshe da harsunan Afirka. Ngugi da kansa ya zama shugaban Sashen Adabi daga baya. A 1974 aka yi taro a Nairobi don kai wannan gyara makarantun sakandare, inda gardamar ta fi zafi, domin a can ne yawancin yara ke fara haɗuwa da littafi.

Wannan tambaya ta wa zai zauna a tsakiya ba a Kenya kaɗai ta taso ba. A Ingila ma, a 1964, Richard Hoggart ya kafa cibiyar nazarin al'adu a Jami'ar Birmingham, inda aka ɗauki rayuwar ma'aikata da jaridunsu abin nazari, kuma Stuart Hall, ɗan asalin Jamaika, ya gaje shi. A 1978 Edward Said na Jami'ar Columbia ya fitar da littafinsa Orientalism, yana nuna yadda ilmin da Turawa suka tara game da Gabas ya tafi kafaɗa da kafaɗa da mulkin mallaka. Takardar Nairobi ta riga wannan littafi da shekara goma.

Sai dai akwai wata ɓaraka da gyaran bai ɗinke ba, ita ce ta harshe. An sauya littattafai, amma har yanzu da Turanci a ke karanta yawancinsu, da Turanci a ke rubuta jarrabawa. Matsalar tsohuwa ce. Babban taron marubutan Afirka da aka yi a Makerere a 1962 na masu rubutu da Turanci ne kawai, saboda haka sunansa ma ya rufe ƙofa ga irin su Shaaban Robert na Suwahili, da D. O. Fagunwa na Yarbanci, da Abubakar Imam na Hausa, mutanen da jama'arsu ke karantawa da gaske.

Ngugi ya gane haka, kuma ya biya farashi. A 1977 shi da Ngugi wa Mirii suka shirya wasan kwaikwayo da harshen Kikuyu, manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu suka yi shi. Littattafansa na Turanci masu sukar gwamnati ba su kai shi kurkuku ba, amma wasan da talakawa suka fahimta ya kai shi. A ƙarshen Disamba na wannan shekara aka tsare shi a gidan yarin Kamiti ba tare da shari'a ba, har kusan shekara guda. A can ya rubuta labarinsa na farko da Kikuyu a kan takardar bayan gida. Da aka sake shi, jami'ar da ya gyara wa tsarin karatu ba ta mayar da shi bakin aikinsa ba. Tun daga 1982 ya koma zaman gudun hijira, kuma a 1986 ya fitar da Decolonising the Mind, inda ya tattara hujjojinsa a kan harshe.

Ya rasu ran 28 ga watan Mayu na 2025 a Amurka, yana da shekara 87. Muƙaminsa na ƙarshe a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine shi ne shehun malami a fannin Turanci da kwatanta adabi.